Zauren Malam: Takardar Da Ke Ɓoye Cikin Akwatin Kallo



Maganar da muka kawo muku a wannan wata ta faro ne daga falon gidanmu, ran wata Asabar da dare, sa'ad da mahaifiyarmu ta zo mana daga ƙauye. Ba ta sami zuwa bikin auren jikarta ba saboda ciwon ƙafa, don haka muka sa mata bidiyon bikin a akwatin kallo. Bidiyon na awa biyu ne cif. Mama ta baje a tabarma ta zuba ido, tana kiran sunan kowace mace da ta gani cikin 'yan zumuntar mata. Saura kamar minti takwas a gama, daidai inda amarya za ta durƙusa ta yi wa iyaye ban kwana, sai janareta ya fara tari, alamar mai ya ƙare. Muka yi maza muka danna maɓallin tsayawa, muka ce, "Mama, gobe in Allah ya kai mu za ki ƙarasa daga nan." Kashegari da rana muka kunna, sai muka tarar akwatin ya sa wa bidiyon alamar an gama kallo, ya kuma koma can farko inda ake jera kujeru. Muka yi ta turawa gaba, mu wuce wurin, mu komo baya, mu sāke wucewa. Mama ta gaji ta ce, "Malam, wannan abin naka ba ya riƙe magana. Ai yaron da aka aika ya manta saƙo ke nan."

Mun ji kunya, gama a gidan nan mu ne ake ɗauka masu ilimin na'ura. Amma da muka bi sawun abin, sai muka gane akwatin umarnin da aka ba shi ya bi daidai. Mu ne ba mu san akwai umarnin ba, balle mu san ana iya sāke shi.

Ga waɗanda ba su da irinsa, akwatin nan ɗan ƙarami ne, bai kai girman littafin waƙoƙi ba. Ana haɗa shi da talabijin, a sa masa filash ko faifan ajiya, ya nuna abin da ke ciki. Namu yana aiki da Android, manhajar kuwa da ke jera finafinai tana kunna su sunanta Kodi. Masu aikin sa kai ne daga ƙasashe dabam dabam suke rubuta ta, kyauta kuma ake ba da ita. Tushenta ya koma 2002, lokacin da aka fara rubuta ta domin akwatin wasa na Xbox. An daɗe ana kiranta XBMC, sai a 2014 aka sāke mata suna. Tana aiki a kwamfuta ma, da waya, da ƙaramar na'urar nan Raspberry Pi, kuma abin da za mu faɗa ya shafe su duka.

In mutum ya shiga wurin saiti na Kodi zai ga hawa huɗu, tun daga na ɗan koyo har zuwa na gwani, kowane hawa yana buɗe ƙarin abubuwa. Amma akwai waɗansu saituna da ko a hawan gwani ba a samunsu. Masu manhajar sun bar su a waje, waɗansu domin kaɗan ne ke bukatarsu, waɗansu domin mai taɓe-taɓe zai iya ɓata akwatinsa da su. Hanyar kaiwa gare su ita ce wata 'yar takarda ta rubutu zalla, watau fayil, mai suna advancedsettings.xml, wadda ake ajiyewa cikin foldar da ake kira userdata. Kodi ba ta zuwa da wannan takarda. Mai akwati ne zai rubuta ta da kansa. Kowane lokaci da aka kunna Kodi takan duba foldar, in ta sami takardar ta karanta ta bi, in babu ta yi aiki da lambobin da aka gina ta da su. Kamar dai takardar sanarwa ce da hedimasta ke liƙawa a ofis, malami ya karanta da safe kafin ya shiga aji.

Lambobi uku ne suka ɓata wa Mama kallo, ga su kuwa. Na fari, in an tsayar da bidiyo cikin daƙiƙa 180 na farkonsa, Kodi ba ta riƙe wurin, gama a ganinta mutum leƙawa kawai ya yi. Na biyu, in an kalli kashi 90 cikin ɗari, sai ta sa alamar an gama. Na uku, in an tsayar cikin kashi 8 na ƙarshe, nan ma ba ta riƙe wurin. Dalilin a fili yake. Finafinan Turawa suna ƙarewa da dogon jerin sunayen ma'aikata wanda ba mai zama ya karanta, saboda haka wanda ya tashi a nan ya gama ke nan. To, bari mu yi lissafin aji biyar. Awa biyu minti 120 ne. Kashi 8 cikin ɗari na 120 ya zama minti 9 da daƙiƙa 36. Mu kuwa mun tsayar saura minti takwas, watau mun riga mun shiga yankin da akwatin ke ɗauka na sunayen ma'aikata. Bidiyon biki ba shi da wannan jeri. A ƙarshensa ne ma ake kuka.

Lamba ta fari ita ma tana cizonmu a makaranta. Muna da gajerun darussan karatu da lissafi na minti biyar biyar da muke nuna wa yara. In ƙararrawa ta buga ana minti biyu da rabi, sai a sāke daga farko kashegari, gama ba a kai daƙiƙa 180 ba.

Muka ɗaura niyyar rubuta takardarmu. Da muka shiga foldar, sai ga wata takarda mai wannan suna tana zaune, mai layi sama da arba'in, ba mu kuwa muka rubuta ta ba.

A nan sai mun koma baya kaɗan. Mun sayi akwatin nan a 2020 a wani shago cikin kasuwa, yana ɗauke da Kodi ta 18. Mai shagon ya ce, "Malam, wannan an cika shi da kome da kome, kai dai kunna kawai." Tun daga makon farko yake da wata cuta. Ana cikin kallo sai hoto ya daskare, Kodi ta rufe kanta, a koma shafin farko. Muka ce zafi ne. Uwargida ta samo marafan kwalba huɗu muka ɗora shi a kai don iska ta shiga ƙarƙashi. Muka sāke waya. Har mun fara zargin yara da jefar da shi a ƙasa, suka yi ta rantsuwa ba su yi ba. Ashe cutar tana cikin takardar nan ta mai shago.

Ga yadda abin yake. Kodi takan ɗebo ɗan gaban bidiyo ta ajiye cikin ƙwaƙwalwar aiki ta akwatin, domin in intanet ta yi jinkiri kada hoto ya tsaya, kamar yadda uwargida ke cika randa tun famfo yana kawo ruwa. Girman randar da aka gina ta da shi megabait 20 ne, wanda a takardar ake rubutawa 20971520, gama 20 sau 1024 sau 1024 ke nan. Jagoran Kodi na wancan lokaci ya yi gargaɗi cewa duk lambar da mutum ya sa, sai akwatin yana da ninkinta uku a sake, in ba haka ba manhajar tana iya faɗuwa. A takardar mai shago mun tarar da 524288000, watau megabait 500, an kuma umarce ta ta yi haka har ga bidiyon da ke kan filash, wanda ba ruwansa da intanet. Ninkin 500 uku 1500 ne. Ƙwaƙwalwar akwatinmu kuwa gaba ɗayanta gigabait ɗaya ce, megabait 1024, Android ma ta ci rabonta a ciki. An sa jaki ɗaukar kayan raƙumi, yaya ba zai durƙushe ba? Muka kwafe takardar muka ajiye a filash, muka share ta daga akwatin. Tun ran nan bai ƙara rufe kansa ba.

Ba mu ce mai shagon mugunta ya yi ba. Muna zaton shi ma kwafowa ya yi daga wani mai babbar kwamfuta, ya yi ta zuba wa kowane akwati da ya sayar. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Akwai kuma masu sa sifiri a wurin, suna cewa ya fi. Sifiri yana sa Kodi ta yi ajiyar a ma'ajiyar akwatin ta ciki, yawan rubutu da sharewa kuwa yana tsufar da ita da wuri. Sai dai mu gaya wa masu sabon akwati cewa daga Kodi ta 21, wadda ta fito a Afrilu 2024, an fitar da maganar randar nan daga takarda an kawo ta cikin wurin saiti inda kowa zai gani. Wanda ya rubuta ta a takarda yanzu ya yi aikin banza. Wannan ma dalili ne na guje wa tsohuwar takardar wani, gama abin da ya yi aiki a 2020 ba lalle ya yi yau ba.

Takardar da muka rubuta a madadinta layi bakwai ce kaɗai:

<advancedsettings version="1.0">
<video>
<ignoresecondsatstart>30</ignoresecondsatstart>
<ignorepercentatend>1</ignorepercentatend>
<playcountminimumpercent>98</playcountminimumpercent>
</video>
</advancedsettings>

Kada dogayen sunayen nan su tsoratar da kowa. Layi na uku ya mai da 180 ya zama daƙiƙa 30. Na huɗu ya mai da kashi 8 ya zama kashi 1, wanda a bidiyon awa biyu daƙiƙa 72 ne kawai. Na biyar ya ce kada a sa alamar an gama sai an kai kashi 98. Ƙa'idar rubutun guda ɗaya ce: duk ƙofar da aka buɗe sai an rufe ta. Ana buɗewa da suna, a rufe da sunan nan dai amma da ɗan layi mai jirge a gabansa. Ƙofar ɗaki kuma ana rufe ta kafin ta zaure, shi ya sa video ta rufu kafin advancedsettings. Haruffa ƙanana ne duka, ba a raba su.

Da bakinmu muke faɗin wannan ƙa'ida, mu ne kuma muka fara karya ta. Sau biyu muka sa takardar ba ta yi aiki ba. A karo na fari mun rubuta ta a kwamfutar makaranta da Notepad, ashe ya liƙa mata .txt a ƙarshen suna, Windows kuma ta ɓoye wutsiyar, muna ganin suna daidai alhali Kodi ba ta san da ita ba. Maganinsa a sa Windows ta riƙa nuna ƙarshen sunayen fayil, a goge abin da ya ƙaru. A karo na biyu mun manta layin nan mai jirge a layi na shida. Abin haushi shi ne Kodi ba ta nuna kome a talabijin. Shiru take yi ta watsar da takardar gaba ɗaya, har layukan da ba su da laifi. Mu da muke zagaye kuskuren yara da jan biro shekara ashirin, mun kwana biyu muna kallon layi bakwai ba mu ga namu ba.

Abin da ya cece mu wani fayil ne mai suna kodi.log. Kamar littafin nan ne da hedimasta ke rubuta abin da ya faru a makaranta kowace rana. Kodi tana rubuta duk abin da ta yi tun daga kunnawa. In ta karanta takardarku lafiya, za ku ga ta kwafe ta dukanta cikin littafin. In ta yi tuntuɓe, za ta rubuta cewa ta kasa, ta kuma faɗi lambar layin. A Android yana cikin foldar temp, maƙwabciyar userdata. Tun daga nan muka ɗauki al'ada: abu ɗaya muke sākewa a lokaci guda, mu rufe Kodi sarai mu sāke kunnawa, mu gwada, sa'an nan mu taɓa na gaba. Muna kuma rubuta dalili da kwanan wata da Hausa cikin takardar, gama duk abin da aka sa tsakanin <!-- da --> Kodi ba ta karanta shi. Na mutum ne, domin bayan shekara biyu ba wanda zai tuna me ya sa ya rubuta 98.

Game da shigar da takardar, daga Android ta 11 an tsananta shiga foldar manhajoji daga waje, mutane da yawa a nan suke makalewa. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi ta cikin Kodi kanta. A wurin saiti akwai mai kula da fayil, mai gefe biyu. A buɗe filash a gefe ɗaya, a buɗe Profile directory a ɗayan, wadda ita ce userdata, a kwafa.

Abu ɗaya ne takardar nan ba ta warkar ba. Mun lura a akwatinmu sai an danna tsayawa ne Kodi ke rubuta wurin da aka kai. In an ɗauke wuta farat ɗaya, wurin ya tafi. Saboda haka dokar gidanmu ita ce, da jin janareta ya fara tari, wanda rimot ke hannunsa ya danna.

Wannan ya kai mu ga takarda ta biyu, wadda Mama ce sanadinta. Ita maɓalli ɗaya ta gane a rimot, na komawa baya. A Kodi kuwa in an danna shi ana cikin kallo, jerin finafinai ne ke fitowa, bidiyon kuma ya ci gaba a bayansa, ana jin murya. Mama takan ce, "Na kashe su amma sun ƙi yin shiru." Cikin userdata akwai folda mai suna keymaps, inda ake sa takardar da ke sāke aikin maɓallai, kowane suna ta ɗauka muddin ya ƙare da .xml. Tsarinta irin na waccan ne, ƙofa cikin ƙofa: keymap, cikinta FullscreenVideo, cikinta keyboard, sa'an nan sunan maɓalli da aikin da ake so ya yi. Sunan maɓallin baya ya danganta da irin rimot, don haka muka rubuta biyu, backspace da browser_back, muka ba kowanne aikin Stop. Yanzu maɓallin Mama yana tsayar da bidiyo, yana kuma sa a riƙe wurin. Wanda yake so ya kashe wani maɓalli ɗungum, misali wanda auta ke yawan latsawa, sai ya ba shi aikin noop, watau kada ya yi kome. Mai ƙyuyar rubutu kuwa akwai wata ƙaramar manhaja mai suna Keymap Editor a rumbun Kodi na ainihi, tana yin wannan aiki da rimot.

Saura magana mafi nauyi. Ba takarda kaɗai mai shago ya zuba mana ba. Ya cika akwatin da ƙananan manhajoji na ƙari, masu jawo finafinai daga wuraren da ba mu sani ba. Wata rana ɗanmu na tsakiya, yana da shekara goma sha ɗaya a lokacin, yana neman wasan ƙwallo, ya buɗe wata, ya fito waje da sauri ya ce, "Baba, zo ka ga abin da ke cikin akwatin nan." Ba za mu bayyana hotunan ba. Mun gode da ya kira mu, amma mun kwana muna tunanin watanni nawa abin ya yi a falonmu, rimot kuwa yana kan tebur.

Waɗannan ƙananan manhajoji su ma rubutun umarni ne, da harshen Python ake rubuta su, kuma suna aiki da duk ikon da Kodi take da shi a na'urar. A Satumba 2018 kamfanin tsaron kwamfuta na ESET ya ba da rahoto cewa an cusa wa waɗansu irinsu na bayan fage wani rubutu mai sa kwamfutar mutum ta yi ta haƙa wa ɓarawo kuɗin intanet a ɓoye. Masu Windows da Linux abin ya shafa, ba masu Android ba, amma ta ƙofa ɗaya ake shiga. A Afrilu 2017 kuma babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci, a shari'ar wani mai sayar da akwatuna a Holan, cewa sayar da akwati da aka riga aka cika da hanyoyin kallon finafinan sata keta haƙƙin masu finafinan ne. Masu Kodi da kansu sun daɗe suna nisanta kansu da irin waɗannan akwatuna. Daga Kodi ta 17, a 2017, sun sa wani makunni mai suna Unknown sources, wanda yake zuwa a kashe, sai mutum ya kunna shi da hannunsa kafin manhajar bayan fage ta shiga. A namu akwatin a kunne muka same shi.

Muka share Kodi ɗin gaba ɗaya muka sa sabuwa. A nan ne takardar ta yi mana aikin da ya fi na bidiyon biki. Duk saitin da ke fili, in aka rubuta shi cikin advancedsettings.xml, Kodi tana bin abin da aka rubuta, ta kuma cire shi daga wurin saiti, mai rimot ba zai ma gan shi ba. Muka ƙara layi biyu kafin layin ƙarshe:

<setting id="addons.unknownsources">false</setting>
<setting id="filelists.allowfiledeletion">false</setting>

Na fari ya kulle ƙofar manhajojin bayan fage. Na biyu ya hana share bidiyo daga jerin kallo, gama bidiyon bikin nan kwafi ɗaya muke da shi a lokacin. Amma kada kowa ya ɗauka ya gina ganuwa. Yaron da ya san hanyar mai kula da fayil zai iya share takardar kanta, saboda haka a haɗa da lambar kulle ta Kodi, Master lock, a kulle mai kula da fayil da wurin saiti. Akwatin Android kuma yana da waɗansu manhajoji ban da Kodi, takardar nan ba ta da iko a kansu.

Ɗanmu na fari, wanda yake sakandare, ya lura makunnin ya ɓace, ya zo ya ce, "Baba, ina ka kai shi?" Muka yi shawara da uwargida ko mu ɓoye masa. Ta ce, "Malam, wanda ya fi ka sanin waya ne za ka ɓoye wa? Nuna masa." Muka zaunar da shi muka buɗe takardar, ya karanta layi layi har da dalilan da muka rubuta da Hausa. Shi ne ma ya ga mun sāke rubuta wani suna ba daidai ba a takardar maɓallai, ya gyara mana. Lambar kulle dai tana hannunmu da uwargida.

Mama ta komo da hutun Kirsimeti ta nemi bidiyon jikarta. Ta kalla cikin zama uku, tana tsayarwa da maɓallinta, kowane zama akwatin ya tambaya ko a ci gaba daga inda aka tsaya. Ta kai wurin ban kwana ta share hawaye da bakin zane, sa'an nan ta ce a mayar mata baya kaɗan, ba ta ga wadda ta riƙe wa amarya jaka ba.

Wanda ya gwada ya gamu da wahala, ya rubuto mana ta hannun Edita. Ya faɗi lambar Kodi da ke akwatinsa, ya kuma kwafo takardarsa harafi harafi yadda ya rubuta ta, gama in babu waɗannan biyu ba za mu iya gane inda ta yi tuntuɓe ba. Sai wata mai zuwa.